Ƙaramin Sukudireba da Kunnen Injiniya

Yayana ba ya gyaran keken ɗinki da ido. Duk telan da ya taɓa kai masa aiki ya san haka. Za ka shigo shagonsa da kan keke a rungume kamar mai kai jariri asibiti, ka fara bayani, zare na tsinkewa, ɗinki na tsallake, sai ya ɗaga maka hannu.

"Kai dai yi shiru. Bari shi ya faɗa da bakinsa."

Sai ya ɗora keken a kan tebur, ya saƙala bel, ya taka feda sau uku ko huɗu, ya rufe ido, ya karkata kansa zuwa dama. Keken ya yi ta surutunsa, shi kuma yana saurare kamar mai jin ƙorafin tsohon aboki. Can sai ya buɗe ido ya ce, "Ƙoshiyar zaren ƙasa ce ta cinye," ko kuma, "Haƙoran da ke jan yadi ne suka sauka." A kwance keken, a tarar da cutar daidai inda ya nuna. Saboda haka teloli suka sa masa suna Injiniya, kuma sunan ya bi shi har gida, har jikokinsa da shi suke kiransa.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai sayar da zare da mai aski. Kana shiga ƙamshin man keke zai tare ka. A jikin bango akwai katakai uku jere da gwangwanayen madara, kowanne cike da kusoshi da notina da kwarkwaron zare, babu wanda aka rubuta wa suna, amma Yaya ko baya ya juya zai miƙa hannu ya ɗauko wanda yake so. A kusurwa akwai injin wasa almakashi, mai ƙarar da ke korar kuliyoyi. Kusa da ƙofa kuma benci ne, wanda tun da na ajiye aiki ya zama wurin zamana da yamma. Shekara arba'in da shida ya yi a ɗakin nan. Da wannan kunne nasa na dama aka yi mini karatu bayan ƙarfin mahaifinmu ya ƙare, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata tagwaye, da shi ya rufa wa gida asiri ba tare da ya taɓa ɗaga murya a kan kowa ba. Ni ne ƙaramin gidanmu, kuma har yau da furfura ta cinye mini kai, Auta yake kirana.

Yana da wata ɗabi'a da ba ya fashinta. Idan rana ta yi sanyi, kafin ya ja ƙofa, sai ya shimfiɗa wani tsohon ƙyalle a kan tebur, ya jera kayan aikinsa daga babba zuwa ƙarami. Ya goge filaya, ya goge sifana, ya kaɗe burushi, ya ɗiga wa kowane ƙarfe mai. Na ƙarshe a layin shi ne wani siririn sukudireba mai jan hannu, wanda ake ɗaure 'yan ƙananan kusoshin ƙoshiya da shi. Idan ya goge shi ba ya mayar da shi akwati. Sai ya tsinko auduga, ya naɗa masa a baki, ya ɗiga man keke ɗigo ɗaya, ya tura shi cikin kunnensa yana juyawa a hankali, ido a lumshe, kamar mai shan wani abu mai daɗi. Ya gama da na dama ya koma na hagu.

Na taɓa ce masa, "Yaya, wannan ƙarfen ba ya ba ka tsoro?"

Ya ce, "Auta, duk shagon nan wane kayan aiki ne ya kai kunnena daraja? In goge sifana in bar shi da datti?"

Na ga maganar ta hau. Ni kaina a lokacin da tsinken ashana nake sakace nawa.

Matar Yaya ce ta fara lura. Wata rana da hantsi na je gidan, na tarar tana shanya a tsakar gida, tana yarfa rigar Yaya da ƙarfin da ya wuce na wanki.

Na ce, "Maman Tagwaye, rigar me ta yi miki?"

Ta ce, "Mai rigar zan tambaya. Yayanka ya fara raina ni, Auta. In yi magana sau uku daga kicin, ko uffan. In zo gabansa sai ya yi mini murmushi kamar baƙuwa. Shekara arba'in ina surutu yana amsawa, yanzu ya gaji."

"Wataƙila yanzu ne ya gano hutu."

Ta ɗaga rigar kamar za ta maka mini. Muka yi dariya, amma tata ba ta daɗe ba.

Daga nan na fara sa ido. Rediyon shagon, wanda da can raɗa yake yi, ya koma sai mai aski ya buga bango. Yaya ya koma kallon bakin mutum idan ana masa magana. Idan aka kawo keke har yanzu yana rufe ido ya karkata kai, amma na ga tafin hannunsa na hagu yana lallaɓowa ya kwanta a jikin keken, yana neman da fata abin da kunne ya daina ba shi. Sannan sukudireba mai jan hannu ya ƙara aiki. Da safe, da azahar, da yamma. A ganinsa kayan aiki ne ya dushe, kuma abin da ya sani game da kayan aikin da ya dushe shi ne a ƙara gogewa, a ƙara mai.

Babu wanda ya furta, amma ni da shi mun san abin da ke tsaye a tsakaninmu. Mahaifinmu kafinta ne, kuma da ya haura sittin sai ji ya fara barinsa kaɗan-kaɗan, kamar ruwa a tulun da ya tsage. Ya ƙare rayuwarsa a kan kujera a ƙofar gida, ana hira yana kallon bakuna, idan an yi dariya sai ya bari kowa ya gama sannan shi ya fara tasa. Wannan dariyar da take zuwa a makare, mu biyun babu wanda ya manta da ita.

Ranar da abin ya fito fili, Dogo ne ya kawo kekensa. Dogo tela ne, kuma duk layin babu wanda ya kai shi gajarta, shi ya sa aka sa masa sunan. Tun suna samari shi da Yaya ba su taɓa rabuwa ba tare da sun zagi juna ba. Shi yana ce wa Yaya Injiniyan bogi, Yaya yana ce masa mai ɓata yadin mutane. Keken yana tsinke zare. Yaya ya duba, ya sauya abin da ya sauya, zare ya daina tsinkewa. Dogo ya dawo da yamma, ya zauna ya taka don ya gwada.

Ɗinki ya fita sumul. Amma a ƙarƙashin surutun keken akwai wata ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, duk saukar allura sai ta fito. Ni da ban san komai a keke ba na ji ta daga benci.

Dogo ya buɗe baki da murnar wanda ya samu abin zagi. "To, Injiniyan bogi, wannan kiɗan kuma kyauta ka haɗa mini da..."

Sai ya ɗaga kai ya ga fuskar Yaya. Yaya na tsaye a kansa, hannu a ƙugu, yana murmushi, yana gyaɗa kai.

"Ka ji yadda yake tafiya ko? Kamar ruwa."

Dogo ya dube shi, ya dube ni. Ya cire ƙafa daga feda a hankali. Ya ce da ƙarfi, "Lafiya lau, Injiniya. Allah ya saka da alheri." Ya rungumi kekensa ya fita.

Yaya ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya juyo gare ni, murmushin ya tafi.

"Auta, shekara arba'in Dogo bai taɓa yi mini godiya ba. Me ka ji?"

Na so in yi ƙarya. Ya matso har numfashinsa na taɓa ni, ya zuba wa bakina ido. Na faɗa masa. Sai da na maimaita sau biyu.

Ya shimfiɗa ƙyallensa, ya jera kayan aiki, ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ce, "Kai ka iya rubutu. Ka rubuta mini takarda da manyan baƙi, wadda za a liƙa a ƙofa. Ka ce an rufe shago, masu kaya su zo su ɗauka kafin ƙarshen wata. Ba zan zauna ina karɓar amanar mutane ina mayar musu da cuta ba. Na Baba ne ya zo."

Na rubuta. Ban taɓa rubuta abin da ya yi mini nauyi a hannu kamar waɗannan layuka uku ba. Amma maimakon in kai shago, sai na kai wa matarsa.

Ta karanta a tsaye a bakin kicin, ta sake karantawa. Ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Ashe ba raini ba ne." Ta share ido da bakin mayafi, ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a jakarta. "Wannan takardar ba za ta ga ƙofa ba sai likita ya ga kunnen. Tagwaye sun ce akwai na'urar da ake saƙalawa tana ƙara ji. A gwada shi, a ba shi."

Sai da aka yi kwana uku ana ja kafin ya yarda, shi ma don ta ce idan bai je ba ita za ta je shagon ta zauna tana ba teloli labari. Muka tafi mu uku da safe.

Ɗakin duba kunne ƙarami ne, da farin labule, da wurin wanke hannu, da hoton cikin kunne a bango mai kama da katantanwa. A sama fanka na juyawa. Nas ɗin da muka samu mace ce mai kimanin shekara arba'in, da tabarau a kan hanci, ba ta da gaggawa. Ta lura da yadda Yaya yake kallon bakinta, sai ta ja kujera ta zauna daidai gabansa, tana magana a rarrabe ba tare da ihu ba. Ta ɗauko wata 'yar tocila mai baki kamar mazurari, ta ja kunnensa sama kaɗan ta leƙa. Ta zagaya ta leƙa ɗayan. Ta cire tabarau.

"Baba, yau ba zan iya gwada jinka ba."

Yaya ya juyo gare ni. "Na faɗa muku. Ya wuce gwaji."

"Ba haka na ce ba, Baba. Hanyar ce a toshe, ciki da waje. Ko dodon kunnenka ban hango ba. Dauɗa ce ta taru ta daskare kamar an danna ta da gangan. Me kake sa wa a kunnen?"

"Ni? Tsabta kawai."

Matar Yaya ta buɗe jakarta, ta zaro sukudireba mai jan hannu, da sauran auduga a bakinsa, ta ajiye a kan tebur. Ashe tun jiya ta sa mai aski ya ɗauko mata.

Nas ta ɗauke shi da yatsa biyu, ta juya shi a haske. "Inna lillahi. Baba, wannan?"

"Da auduga nake naɗewa," in ji Yaya, kamar yaron da aka kama. "Kuma ina sa mai."

"Wane mai?"

"Na keke. Mai kyau, ba na bogi ba."

Ta kama baki don kar dariya ta fito, amma ta fito. Matar Yaya ma ta fashe. Shi kaɗai ya tsuke fuska.

Da ta natsu sai ta ce, "Baba, aikin me kake yi?" Aka faɗa mata. Ta ce, "To ka san teloli. Ka taɓa ganin yadda suke cusa auduga cikin matashi da sanda? Duk turawa ɗaya, audugar ta ƙara shigewa, ta ƙara tauri. Abin da kake yi wa kunnenka ke nan. Ɗan abin da kake gani a bakin sukudireba shi ne ya fito, sauran kuwa ciki kake danna shi, kullum, shekara da shekaru. Allah ya tsare ka da ƙarfen bai huda dodon kunnen ba. Da mutum ɗaya ya bangaje ka a gwiwar hannu, da yanzu wani zancen muke yi."

Yaya ya ce, "To dattin fa? A bar shi ya taru?"

"Ba datti ba ne yadda kake zato. Kunne ne yake yin abinsa da kansa, don ya kama ƙura da ƙwari, ya hana fatar ciki bushewa. Kai ba ka sa wa keke mai don kar ya ci kansa?"

"Ina sawa."

"To kunne da nasa man aka halicce shi. Kuma shi yake fitar da tsohon. Duk lokacin da kake tauna ko kake magana, muƙamuƙi na motsa shi, yana tahowa waje a hankali har ya iso ƙofa. Naka aikin a ƙofar yake. Ka naɗa tsumma mai tsabta a yatsa bayan wanka, ka goge abin da ya fito, ka tsane ruwa. Inda yatsa ya tsaya, kai ma ka tsaya. Ba ashana, ba makulli, ba gashin kaza, har tsinken audugar nan da ake sayarwa a kanti."

Na ji kamar da ni take. Na sa hannu a aljihu na taɓa kwalin ashanata.

Yaya ya zuba wa hoton katantanwar ido. Can ya ce, "Wato inji ne mai sa wa kansa mai, mai share kansa."

"Haka ne."

"Ni kuma na yi shekara arba'in ina yi masa katsalandan."

"Kai ka faɗa, Baba."

Ta yi masa tambayoyi kafin ta ba shi komai. Kunnen ya taɓa zubar da ruwa ko mugunya? Yana ciwo? An taɓa ce masa dodon ya huje, ko an taɓa yi masa aiki a kunne? Ta ce idan da akwai ɗaya daga ciki, ba a ɗiga komai, ba a zuba ruwa, sai likita ya duba da kansa. Duk ya ce a'a. Sai ta rubuta man zaitun mai tsabta na kantin magani, ɗigo biyu ko uku a kowane kunne, safe da yamma, kwana biyar, ya kwanta a gefe na 'yan mintoci don man ya sauka. Ta gargaɗe shi cewa jin zai iya ƙara dushewa kafin ya dawo, don dauɗar za ta sha mai ta kumbura. Ta miƙa wa matarsa sukudireban.

"Mama, wannan ya zauna a wurinki."

"Ko da kuka ya roƙa," in ji ta.

Kwana biyar ɗin nan sun yi wa Yaya tsawo. A rana ta uku ya daina jin ko bugun ƙofa. Na je na tarar da shi kwance a kan tabarma a falo, kansa a cinyar matarsa, tana riƙe da 'yar kwalba tana ƙirga ɗigo. Yana ta mita da muryar da ta cika ɗakin, don ba ya jin kansa.

"Yarinyar nan ta ƙarasa ni! Da ɗan saura, yanzu babu!"

Matarsa ta dafa masa kai ta ce mini, "Ka ga daɗin abin, Auta? Yau duk abin da na ga dama sai in faɗa masa." Ta sunkuya kan kunnen da ke cike da mai, ta ce a hankali, "Mai taurin kai. Ka tsorata ni." Bai ji ba. Amma ya daina mitar.

Ranar da muka koma, nas ta leƙa ta ce ya yi laushi. Ta yafa masa tawul a kafaɗa, ta ba shi wani kwano mai lanƙwasa ya riƙe a ƙarƙashin kunne. Ta haɗa ruwa, ta gwada ɗuminsa, ta ce sai ya yi daidai da ɗumin jiki, don mai sanyi ko mai zafi jiri yake sawa. Ta ce wannan ba aikin gida ba ne, kar wani ya ga ta yi ya je ya kwaikwaya, kuma idan ya ji zafi ya ɗaga hannu nan take. Ta fara tura ruwan a hankali. Ruwa ya shiga ya fito fari. Ya sake shiga ya fito da launi. A karo na huɗu wani abu ya faɗo cikin kwanon, baƙi, dunƙulalle, kamar ƙwallon dabino, da zaren auduga a jikinsa.

Matar Yaya ta leƙa. "Ga matashin da ka yi shekaru kana cusawa."

Yaya ya ƙame a kan kujera, idonsa a buɗe, bakinsa a buɗe kaɗan. Sai ya rufe ido, ya karkata kansa zuwa dama, yadda na saba gani shekara da shekaru. Muka yi tsit.

Ya ce, da muryarsa ta da, mai sanyi, "'Yata, fankar nan taku, noti ɗaya ya kwance a wuyanta."

Nas ta ɗaga kai ta kalli fankar. Ta ce, "Wata biyu ke nan tana damuna, na rasa me ke ƙara."

Matarsa ta juya wa bango fuska, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Yaya ya ce, "Maman Tagwaye, awarwaronki ne ke wannan ƙarar? Tun yaushe kike sa su?"

"Tun kafin ka fara raina ni."

Aka wanke na hagu, aka tsane, nas ta leƙa ta ce ga dodon kunne nan lafiya a duka biyun, sai 'yar ƙujewa a bangon na dama, wadda za ta warke idan aka bar ta. Bayan mako guda aka gwada jinsa. Na dama ya fito da kyau. Na hagu ya rasa wasu siraran sautuka, kuma waɗannan ba za su dawo ba. Ta ce shekaru ne, da kuma ƙarar injin wasa almakashi, wanda a gefen hagunsa yake. Ta ba shi wasu 'yan robobi masu laushi ya riƙa toshe kunne da su idan zai kunna injin.

"Ke da kika ce kar in sa komai?"

"Waɗannan a ƙofa suke tsayawa, Baba. Sun fi ka ladabi."

Ya yi dariya, kuma dariyar ta zo a kan lokaci. Amma da muka tashi fita sai ya tsaya a bakin labule. Ya ce, "'Yata, mahaifinmu ya kurumce a shekaruna. Kullum da gashin kaza a bayan kunnensa. Ko shi ma..."

Nas ta ce, "Ban gani ba, Baba, ba zan iya cewa ba. Wani na shekaru ne, wani na ƙarar aiki ne, wani toshewa ce kawai. Sai an leƙa ake sani."

A hanya na san yana ganin kujerar nan a ƙofar gida, don ni ma ita nake gani. Babu wanda ya leƙa kunnen mahaifinmu. Mun ɗauka hukunci ne, muka ɗaga murya, muka gaji, muka bar shi da murmushinsa. Wannan ba shi da gyara, kuma Yaya bai yi kamar yana da shi ba.

Da muka iso layinsu bai nufi shagonsa ba. Ya wuce kai tsaye shagon Dogo. Dogo na zaune a kan keke, da tef a wuya, ya gan mu ya miƙe da fara'ar da ba tasa ba.

"Injiniya, sannu da zuwa, ya jiki, ya..."

"Zauna ka taka."

Dogo ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Ya zauna ya taka. Ƙas, ƙas, ƙas. Yaya ya harɗe hannuwansa a baya, don kowa ya ga bai taɓa keken ba. Ya rufe ido. Bai kai ƙirga goma ba.

"Sandar allura ce. 'Yar kusar da ke riƙe ta ta saki."

Ya buɗe murfin gefe, ya leƙa, ya miƙa hannu baya ba tare da ya juyo ba. Kusar ƙarama ce ƙwarai, sukudireba ɗaya ne a duk kayansa yake shigarta. Matarsa ta tsaya tana kallon tafin hannun. Sannan ta buɗe jaka, ta zaro mai jan hannu, ta tsige guntun audugar da ta rage a bakinsa ta yar, ta ɗora masa.

"Aro ne," in ji ta.

Juyi ɗaya da rabi. Dogo ya sake takawa, keken ya tafi shar, babu ƙas ko ɗaya. Ya taka ya ƙara takawa, ya ƙi ɗagowa. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Injiniyan bogi! Aikin minti ɗaya sai da ka yi mako biyu? Kwana nawa ina ɗinki kamar a maƙera!"

"Da ka dakata, da yadin mutanen da kake ɓatawa ya huta," in ji Yaya.

Takardar da na rubuta tana nan a jakar Maman Tagwaye. A bayanta ta rubuta ranar da nas ta ce ya koma a sake leƙawa, don ta ce kunnen tsoho dauɗarsa ta fi bushewa, wani sai an riƙa taimaka masa. Ni ma na je aka leƙa nawa, na bar ashana ga murhu.

Har yanzu idan rana ta yi sanyi Yaya yana shimfiɗa ƙyallensa, ya jera kayan aiki daga babba zuwa ƙarami. Idan ya zo kan mai jan hannu sai ya goge shi, ya sa a akwati tare da 'yan uwansa, ya rufe. Daga nan ba ya tashi nan da nan. Yakan zauna kaɗan, hannuwa a cinya, ƙofa a buɗe. Almakashin mai aski na tsit-tsit a bayan bango, mai zare na ja da wata mata a kan launi, can ƙasan layi keken Dogo na tafiya. Ranar farko na tambaye shi ko lafiya.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yi shiru, Auta, ina ji."